Komawa Indiya a tsakiyar bukukuwan kaka: wace rana ta fi, kuma yaya ake sallama da gida?

Bakano a Noida:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Ina Kano hutu, lokacin komawa makaranta kuma ya matso. Mai yanka min tikiti ya ce in zaɓa, ko in sauka Delhi ana tsakiyar Navratri, ko in ƙara kwanaki in sauka gab da Diwali. Bara ina sabon zuwa, daga ɗaki kawai nake jin kiɗa da fashe-fashe ban san me ake yi ba. Waɗanda suka daɗe a ƙasar, wanne ya fi sauƙi? Kuma don Allah wani ya warware min bukukuwan nan, duk sun cakuɗe min: Navratri, Dussehra, Durga Puja, Diwali. Abu ɗaya ne ko kowanne da nasa? Gaskiya dai zuciyata ta fi karkata ga ƙara kwanakin, don Hajiyarmu tun da ta ji ana maganar tikiti ta rage walwala.

Alhajin Kwari:
Wa alaikumus salam. Yaro, tafi da wuri. Ni Surat ta jihar Gujarat nake zuwa sarin yadi, lissafin bukukuwan nan da aljihuna na koye shi.

Ga yadda suke jere. Da damina ta ɗauke, wajen ƙarshen Satumba ko cikin Oktoba, sai a shiga Navratri, dare tara. Rana ta goma ita ce Dussehra. Mutanen Bengal a cikin waɗannan kwanakin suke nasu Durga Puja, kwana biyar na ƙarshe su ne masu zafi. Daga Dussehra ka ƙirga kamar kwana ashirin, sai Diwali, a daren da babu wata. Kwana shida bayan Diwali sai Chhath ta mutanen Bihar. Wato wata ɗaya da ɗoriya ƙasar ba ta zama wuri ɗaya.

Ranakun ba a tsaye suke ba. Dussehra ta faɗo 24 ga Oktoba a 2023, 12 ga Oktoba a 2024, sannan 2 ga Oktoba a 2025. Da wata suke lissafi, amma duk bayan shekara uku ko kusa da haka sai su cusa ƙarin wata guda, shi ya sa bikin ba ya barin kaka.

A Navratri ana aiki da rana, dare ne na rawa. A Gujarat za ka ga fili cike da maza da mata suna zagaya wata tukunya mai huji-huji da fitila a ciki, suna tafi, wasu da 'yan sanduna biyu suna bugawa, har tsakar dare ta gota. Da safe kuma kowa ya buɗe shagonsa da jan ido. Amma Diwali ita ce ke tsayar da komai. Washegarinta sabuwar shekarar Gujarat ce, 'yan kasuwa su rufe tsohon littafin lissafi su buɗe sabo, da yawa ba sa buɗe shago sai rana ta biyar. Ma'aikatan masaƙa kuwa galibinsu baƙi ne daga Bihar da Uttar Pradesh da Odisha, sun tafi gida, sai ranar da Allah ya dawo da su. Wanda bai ɗaure kayansa kafin nan ba, sai ya zauna yana biyan kuɗin otal a banza.

Mai Jinya a Gurugram:
Na goyi bayan Alhaji, amma ni dalilina iska ce. Na kawo mahaifina ganin likita a irin wannan lokacin, ciwon ƙirji ne da shi. Daren Diwali tun magariba ake harba kayan tartsatsin wuta har asuba. Da gari ya waye, benen da ke tsallaken titi da ƙyar muke hango shi, maƙogwaro yana ƙaiƙayi, ido yana ruwa. Ba wasan wutar kaɗai ba ne, a daidai lokacin ne manoman Punjab da Haryana ke ƙona karan shinkafa don su samu su shuka alkama, ga sanyi ya fara shigowa, hayaƙin ba ya tashi sama. Ma'aunin gurɓatar iska yakan wuce 400, har a rufe makarantun yara. A 2018 kotun ƙolinsu ta ce awa biyu kacal za a yi wasan wutar, daga takwas zuwa goma na dare, amma wa ya ji?

In kana da asma kar ma ka fara. Kuma ranar Dussehra da ranar Diwali hutun gwamnati ne, ofisoshi a rufe, manyan likitoci da yawa ma sun tafi garuruwansu.

Bakano a Noida:
Allah ya ƙara wa Baba lafiya, Anti. To shi Dussehra ɗin me ake tunawa? Na ga hoton wani ƙaton mutum-mutumi mai kai goma ana cinna masa wuta.

'Yar Zazzau a Mysuru:
Ravana ke nan, sarkin Lanka a labarinsu, wanda ya sace Sita matar Rama, jarumin labarin. A arewacin Indiya ana kwashe kwanakin Navratri ana wasan kwaikwayon labarin a dandali kowane dare, shi ne Ramlila. Na Ramnagar da ke tsallaken kogi daga Varanasi wata guda cur yake ɗauka. A daren goma sai a ƙona Ravana da ƙaninsa da ɗansa, an ɗinka su da gora da takarda an cusa musu kayan fashewa a ciki. Diwali kuma a wajensu ita ce ranar da Rama ya koma garinsu Ayodhya bayan shekara 14 a daji, mutanen gari suka jera masa fitilu a hanya.

Nan kudu salon daban ne. A Mysuru fadar sarki ake haskawa da ƙwan lantarki kusan dubu ɗari, sannan a rana ta goma giwa ta ɗauko wata rumfar zinare mai nauyin kilo 750 a zaga da ita gari. Tun 1610 gidan sarautar Wadiyar ke yin bikin. Amma abin da ya fi ba ni mamaki rana ta tara ce. Kowa zai wanke abin da yake neman abinci da shi ya yi masa ado. Mai adaidaita da ke kai mu makaranta ya ɗaura ganyen ayaba a gefe da gefe, ya rataya furanni, ya sa lemon tsami a ƙarƙashin kowace taya ya taka su kafin ya ɗauki fasinja. Har kwamfutocin sashenmu sai da aka ɗiga musu jan gari.

Shawara ɗaya: in za ka kalli ƙona Ravana, tsaya nesa kuma ka lura da inda ka sa ƙafa. A Oktoban 2018 a Amritsar jirgin ƙasa ya bi ta kan masu kallo da suka tsaya a kan layin dogo, ƙarar fashe-fashe ta hana su jin zuwansa, kusan mutum 60 suka rasu.

Abu Hafsa:
'Yan uwa a yi hattara. Sanin ranaku don tsara tafiya babu laifi, amma na ga maganar tana gangarawa zuwa "in za ka kalla". Waɗannan ba wasannin gargajiya ba ne kawai, bauta ce ake yi wa gumaka. Musulmi me ya kai shi? Mun zo neman ilimi da magani da kasuwa, mu yi abin da ya kawo mu mu koma.

'Yar Zazzau a Mysuru:
Malam, ba wanda ya ce a je a yi bauta. Hanyar ɗakin kwananmu ce ake rufewa giwayen su wuce, ko ka so ko ka ƙi sai ka gani.

Abu Hafsa:
Wanda abu ya tarar da shi a hanya daban, wanda ya yi wanka ya tafi daban. Haka ma alawar da suke rabawa, akwai wadda daga shago aka sayo, akwai wadda sai da aka ajiye ta gaban gunki. Mutum ya tambaya kafin ya kai baki. Ni iyakar nasihata ke nan.

Maman Ilham, Kolkata:
Malam Abu Hafsa, maganar alawa gaskiya ce, kuma su kansu sun san bambancin. Maƙwabciyata ba ta taɓa kawo min wadda aka kai wajen bauta ba. Takan ce wannan daga kanti take, ki ci hankali kwance. Ni ma ba na shiga inda suke ibadarsu. Amma zama da mutane ba ka san abin da ke sa su kuka da dariya ba, shi ma ba zama ba ne. Bari in ba ɗan'uwanmu na Noida labarin nan, don ya fi kusa da abin da ke damunsa fiye da maganar tikiti.

A littattafansu Durga mayaƙiya ce, hannu goma, tana kan zaki, ta kashe wani aljani mai siffar ɓauna, Mahishasura. Haka ake gina gunkin. Amma in ka zauna da tsofaffin matan Bengal ba haka suke ba da labarin ba. Su a wajensu 'ya ce da aka aurar nesa, can kan dutsen Kailash, gidan Shiva, miji matalauci mai yawo da toka a jiki. Sau ɗaya a shekara take samun izini ta zo wajen iyayenta, da 'ya'yanta huɗu: Lakshmi, Saraswati, Ganesh da Kartik. Ganin gida ne sak, irin wanda amaryarmu ke zuwa, a yi ta nan-nan da ita, kwana kaɗan a ce miji ya aiko. Suna da tsofaffin waƙoƙi da aka sa a bakin uwar, tana yi wa mijinta mita ya je ya ɗauko mata 'yarta, ta ji an ce tana shan wahala. Ka tuna a da 'yan mata ƙanana ake aurarwa ƙauyuka masu nisa, ba waya ba mota. Matan da suka rera waƙoƙin nan da nasu 'ya'yan suke.

Shiri kuwa tun watanni ake fara shi. Akwai unguwar magina a arewacin Kolkata, Kumartuli, lunguna ne matsattsu. Za ka ga an ɗaure gora da bambaro an fitar da siffa, a shafe da yumɓun kogi, a bari ya bushe, a sake shafawa, a yi fenti. Ido ne ƙarshe, da yawa sai ranar Mahalaya suke zana shi, mako guda kafin biki. A ranar da ƙarfe huɗu na asuba gida-gida ake kunna rediyo, akwai shirin da ake sawa tun shekarun 1930, daga tagar kowa shi kake ji. Kowace unguwa ta yi karo-karo ta kafa rumfarta, wasu rumfunan kamar fada, wasu kamar jirgin ruwa, duk da gora da yadi. A 2021 UNESCO ta sa bikin na Kolkata cikin jerin al'adun duniya da ake tattalinsu. Mutanen Bengal da ke aiki Bengaluru da Dubai da Landan duk a makon nan suke neman hutu.

Sai rana ta goma. Ita ce na fi so ku ji. Daga baranda nake kallon ta layinmu. Matan aure za su fito da farin sari mai jan baki, kowacce da faranti. Ɗaya bayan ɗaya su hau tsani su shafa fuskar gunkin da ganye kamar ana share wa mutum hawaye, su manna masa alawa a baki, su sa masa jan gari a goshi. Wata har raɗa take yi masa a kunne. Sai su juyo su shafe junansu da jan garin, ana dariya ana hawaye. Da yamma samari su ɗora a babbar mota, ganguna na tashi, a nufi bakin kogin Hooghly, a zagaya da shi sannan a tura cikin ruwa, suna ihu da yarensu cewa baɗi ma za a sake. Aikin wata da watanni, yumɓun ya koma inda aka ɗebo shi.

Daga nan a dawo unguwa tsit. Yara su bi gida-gida suna taɓa ƙafar manya, maza su rungumi juna, a ci kayan zaƙi. Washegari tashar jirgin ƙasa ta Howrah da filin jirgi su cika da masu komawa bakin aiki. Ni abin da na lura da shi, tafiyar ba ta zo musu bagatatan, sun riga sun yi kukan a bainar jama'a, sun ware masa rana guda.

Bakano a Noida:
Allah sarki. Anti wallahi kin sa jikina ya yi sanyi. Fina-finan Indiya da muka taso muna kallo rawar kawai suke nuna mana.

Abu Hafsa:
Hajiya, labarin uwa da 'ya kowa zai ji tausayi. Amma a ƙarshe yumɓu ne aka shafa wa alawa. Kar tausayi ya rufe mana wannan.

Maman Ilham, Kolkata:
Bai rufe ba Malam. Na san abin da na yi imani da shi, alhamdu lillahi. Matar da ke kan tsanin nake kallo, ba abin da ke gabanta ba. 'Yarta tana aure a Kanada, shekara nawa ba ta zo ba.

Ɗan Damagaram a Doha:
Ni ban taɓa taka Indiya ba, ƙanina ne ke karatu can ya sa ni a zauren nan. Amma ina aikin gini da 'yan Nepal, ɗaki ɗaya muke kwana da wasunsu, to bikin nan na san shi ta wani ɓangaren. Su Dashain suke ce masa, kwana 15 ne, kuma shi ne babban bikinsu na shekara. Tun watanni kafin lokacin ake fara rigimar wa zai samu hutu, don ba zai yiwu a saki kowa ba.

Yadda suka ba ni labari, ranar farko ana shuka sha'ir a cikin yashi a ɗaki mai duhu, ana yayyafa masa ruwa. Kafin rana ta goma ya tsiro ya yi tsawon yatsa ko fi, launinsa rawaya saboda bai ga rana ba. Ran goma sai babban gida ya zauna, a kwaɓa shinkafa da kindirmo da jan gari, ya manna wa kowa a goshi, ya saƙala masa tsiron a bayan kunne, ya sa masa albarka, ya ba shi 'yan kuɗi. Daga nan har wata ya cika ana bin dangi ana karɓa. Ana yanka awaki, a ƙauye a kafa lilo da dogayen gora huɗu. Kathmandu takan zama kamar an share, kowa ya hau mota ya nufi ƙauyensu.

Wanda ya samu hutu yakan ja shi har Tihar, wato tasu Diwalin. Kwana biyar ce, rana ɗaya ta hankaka, ɗaya ta kare, har sarƙar fure suke rataya wa karnuka, sai ta saniya. Ta ƙarshe ita ce ta 'yar'uwa da ɗan'uwa: ta zana masa launi bakwai a goshi ta rataya masa wani fure mai ruwan hoda da ba ya saurin bushewa, tana roƙa masa tsawon rai. Da an yi wannan, hutu ya ƙare.

Akwai wani abokin aikina, mai ɗaure ƙarfe ne. Da ya dawo, jan abin yana goshinsa tun daga filin jirgin Kathmandu bai goge ba. Ya buɗe jaka ya raba mana wani soyayyen abin garin shinkafa mai zagaye kamar awarwaro, uwarsa ce ta soya. Furen nan kuwa ya rataye shi a ƙusar da ke saman gadonsa, yana nan har aka shiga zafi. A daren bai yi magana da kowa ba, ya juya wa bango fuska. Asuba ta yi ya sa hular kwano muka hau motar kamfani. Kuɗin da irinsu ke aikawa ya kai kusan kashi ɗaya cikin huɗu na tattalin arzikin ƙasarsu, to ka ga zaman gida ba nasu ba ne.

Waɗanda ba su samu tafiya ba kuma, wanda ya fi shekaru a ɗakin shi ke zama uba, ya manna wa sauran, kowa ya kira gida ta bidiyo.

Alhajin Kwari:
Kun ga ni nan na bambanta da ku. Wannan doguwar sallama wahala ce kawai. Ni in zan yi tafiya, uwargida ce kaɗai ta san ranar. Mahaifiyata ina zuwa in gaishe ta da daddare kamar kullum, in ce a sa mu a addu'a, da asuba na kama hanyar filin jirgi. Sai na sauka Addis Ababa canjin jirgi nake bugo waya. Ba kuka, ba rakiya. Uwa-uba ba saƙo. Ka kuskura ka faɗi rana, sai ka ga an cika maka falo da ƙulli: wannan a kai wa ɗana a Bengaluru, wannan a sayo min magani, wannan ga hoton sari. Kai da za ka Surat, ina kai ina Bengaluru?

Maman Ilham, Kolkata:
Haba Alhaji! Tsohuwa ta wayi gari ta ji ɗanta yana wata ƙasa? Kai ka hutar da kanka, ita ka bar ta da abin a ciki. Wallahi da ɗana ne sai mun yi shari'a.

Alhajin Kwari:
Mahaifiyata ta saba. Kuma ni mako uku ne na dawo, ba irin ku masu shekara ba.

Maman Ilham, Kolkata:
To ka faɗi gaskiya, taka tafiyar kasuwa ce. Yaron nan shekara zai yi ko fi. Ɗan'uwa na Noida, kar ka bi ta Alhaji a wannan. Ƙara kwanaki ba zai rage wa Hajiyarka komai ba, ranar dai za ta zo. Abin da zai yi mata amfani ta san ranar tun yanzu. Ka zaga dangi da wuri ka gama, kar ka bar shi sai jajibiri kana ta gudu a gari ita tana zaune tana jiran ka. Yinin ƙarshe nata ne. Ka zauna ta haɗa maka yajinka da kukarka da hannunta, ko da kana da su. Ka durƙusa ta sa maka albarka, in za ta yi kuka ta yi a gabanka, ba laifi ba ne. Kuma ka faɗa mata watan da kake sa ran dawowa in Allah ya yarda, ta samu abin ƙirgawa.

Abu Hafsa:
A nan kam ina tare da Hajiya ɗari bisa ɗari. Neman izinin iyaye da addu'arsu kafin tafiya namu ne tun asali, ba sai mun leƙa wajen kowa ba. Alhaji a gyara.

Alhajin Kwari:
To, an haɗe min kai. Na ji.

Ɗalibi a Patna:
Na shigo a makare. Ƙarin bayani ga duk wanda zai sauka Delhi ya hau jirgin ƙasa zuwa wani gari: tsakanin Diwali da Chhath kar ka gwada in ba ka da tikiti a hannu. Tun Nuwamban 2024 kwana 60 kafin tafiya ake buɗe sayar da tikiti, a da 120 ne, kuma na layin Bihar cikin mintuna yake ƙarewa. Gwamnati na ƙara jirage na musamman dubbai, duk da haka a tashar Anand Vihar za ka ga mutane na shiga ta taga, wasu a ban-ɗaki suke tsayuwa har Patna.

Chhath ɗin a nan ta fi Diwali girma. Babu gunki a cikinta, rana suke fuskanta. Yawanci mata ne ke azumin, awa 36 ba ko ruwa, su shiga kogi zuwa ƙugu da faifan gora cike da 'ya'yan itace da rake, sau ɗaya da faɗuwar rana, sau ɗaya da fitowarta. Ɗan Bihar zai iya haƙura da kowane biki amma ban da wannan, ko da zai rasa aikinsa. Bayan kwana biyu kuma cunkoson ya juya, kowa na neman hanyar komawa Delhi da Mumbai da Surat, da ƙullin wani busasshen cincin na alkama da mazarƙwaila da ake yi don bikin.

Mai Jinya a Gurugram:
Wani abu da ba a faɗa ba: a Navratri Hindu da yawa na arewa ba sa cin nama, wasu har albasa da tafarnuwa suke bari. A unguwanni da dama na Noida da Ghaziabad da nan Gurugram mahauta rufewa suke yi kwana taran nan. In ka sauka a lokacin, sai dai ka nufi unguwannin Musulmi irin su Jamia Nagar ko wajen babban masallacin tsohon Delhi.

Maman Ilham, Kolkata:
Mu nan akasin haka ne, a makon Puja ne ma layin masu sayar da biryani da kifi ya fi tsawo.

Bakano a Noida:
Na gode ƙwarai jama'a, Allah ya saka da alheri. Na ce a yanka min na farkon, zan sauka kafin Dussehra. Maganar nama kuma ba damuwa, an riga an yi min odar kilishi.

Alhajin Kwari:
Kilishin me? In na sa ne ka bar shi a Kano. Kayan nama ana iya ƙwace su a filin jirgi, sannan naman shanu a jihohi da yawa na ƙasar nan magana ce ta 'yan sanda, Uttar Pradesh da kake zaune tana cikin masu tsanani. Ka riƙe yaji da kuka da kuɓewa busasshiya. Daddawa kuma ka naɗe ta leda uku ka sa a roba mai murfi, in ba haka ba duk kayanka sun gama yawo.

'Yar Zazzau a Mysuru:
Yaya na Noida, tunda Allah ya sa ka faɗi lokacin, akwai ɗan saƙo wajen mamata, bai fi kilo biyu ba. Za a kawo maka har gida Kano. In ka sauka sai ka sa min a masu kai kaya.

Ɗalibi a Patna:
Ni ma in da sauran wuri, man shanu ne kwalba ɗaya.

Alhajin Kwari:
Hajiya Maman Ilham, kina gani dai ko?